Koriyar Rigar Andrawus

Babu riga a jikin Andrawus sa'ad da motar katako ta sauke gawarsa a bakin ƙauyen Gayam. Ganyen doka aka lulluɓa masa a ƙirji. Matarsa Sabina ta tsaya da ludayi a hannu, tana jin kukan mata kamar daga can ƙetaren rafi yake zuwa.

Da safe ya fita cikin koriyar rigar kamfani, da jan ƙyalle mai hoton giwa ɗaure a wuya. Tun da masu yankan katako suka shigo dajin Birnin Gwari, shekara biyar bayan samun mulkin kai, ya jingine fartanya ya bi su. Har coci da kayan yake zuwa. Yakan shafa giwar ya ce, "Sabina, mu 'yan gida ne yanzu. Ko mutuwa na yi, da wannan za ki rufe ni." Ita kuwa sai ta yi dariya.

* * *

Washegari ta kama hanyar sansanin kamfanin a ƙasa. Raɓa ba ta bushe ba. Inda a da itatuwan maɗaci suke haɗa kai su tare rana, yanzu haske ne ke zuba a kan kututture, farare kamar faifai. Sau biyu ta ga kamar koriyar riga na gilmawa tsakanin itatuwa, har ta buɗe baki za ta kira shi.

Akawu na zaune a rumfar kwano, da naktaye mai irin giwar nan a wuyansa.

"Ranka ya daɗe, rigar maigidana na zo karɓa. Da ita za mu binne shi."

"Baiwar Allah, wane ne maigidan naki?"

"Andrawus. Wanda icce ya faɗa wa jiya."

Ya gyara naktayensa, bai dube ta ba. "Wanda aka kai Gayam ai ba mu gan shi da rigarmu ba. Ƙila manomi ne ya ratso inda ake sara. Allah ya ba ku haƙuri."

"Shekara uku nake wanke ta," in ji Sabina, murya ƙasa-ƙasa.

Akawu ya juya ga takardunsa.

* * *

A bakin ƙofar sansanin ta ci karo da Bakoji, maƙwabcinsu da ya daɗe yana neman a ɗauke shi aiki a kamfanin. Koriyar riga ce a jikinsa, ta yi masa yawa a kafaɗa, ba ta ma gama bushewa ba. A gefen aljihun akwai ɗinkin baƙin zare, karkatacce, wanda ta yi da hannunta ranar Lahadi.

Bakoji ya sunkuyar da kai. "Yau suka ba ni, Mama. 'Ya'yana biyar."

Ta daɗe tana kallonsa. Sai ta miƙa hannu ta kwance jan ƙyallen da ya ɗaura a baibai, ta sake ɗaura masa, giwar na fuskantar gaba.

Zarto ya tashi a cikin daji. Bakoji ya ruga wurin aiki.