Inda Aka Binne Cibiyar Malaki

Ranar Laraba aka bugo waya daga New Zealand cewa gawar ƙanena Malaki za ta iso tsibirinmu na Savai'i ranar Asabar. Tsinkar tuffa ya je yi, motar da ke kai su gona ta kife da su. Baba ya saurara har ƙarshe, ya miƙo min wayar. Ya fita ƙofar gida, ya ratsa tsakanin kabarin Kaka da na Inna, ya tsaya a kan kututturen mangwaro.

"Nan za a haƙa," in ji shi.

Baffa Lafaele, ƙanen Baba, ya riƙe baki. "Haba Yaya! Ga fili nan fetal a gefen Inna, sai kan wannan shegen kututturen? Mutum biyu ba sa rungume shi fa."

"A nan uwarsa ta binne cibiyarsa, ni na dasa mangwaron a kai. Nan zai kwanta."

Guguwar bara waccan ce ta karya bishiyar. Na yi mitar duniya a cire kututturen, don ya ci min farcen ƙafa ya fi a ƙirga, Baba ya ce sai mai shi ya dawo. To, ga shi zai dawo.

Motar haƙa ba za ta shiga ba sai ta taka Kaka. In aka ƙone shi kuma, wuta za ta fasa kabarin Inna. Sai hannu. Baffa ya aro sarƙar nan ta ɗaga injin mota a garejin surukinsa, aka kafa ƙarafa uku aka haɗa kawunansu a sama, aka rataye ta. Samarin coci suka zo da diga da gatari, suka ɗaure zannuwansu irin na mazanmu tamau, suka tone kewaye suna sare saiwoyi. Ni kuwa ina madafa ina fama da gwaza da koko da dangi masu shigowa da tabarmin da ake kawowa gaisuwar mutuwa, kowa da kukansa, kowa da cikinsa. Wallahi da na samu wanda zan mara, da na ji sanyi.

Ranar Juma'a suka zagaya sarƙa a wuyan kututturen suka ja. Ta zame, ta saɓule ɓawon, Baffa ya faɗi zaune daɓas a cikin laka.

"Ka ga aikinka ko?" ya ce wa Baba. "Yaron nan yana da rai taurin kai, ya mutu taurin kai. Gado ba karambani ba!"

Samari suka yi dariya, suka tuna, suka haɗiye ta. Ni ma na yi, sai ta juye min kuka. Gaskiya Baffa ya faɗa. Tun Malaki yana sakandare yake jingina bayansa da na Baba a gindin mangwaron nan, yana cewa, "Tsoho, na fi ka tsawo da ɗan yatsa." Baba ya ce, "Suma ce, je ka yi aski mu gani." Har ranar da ya hau jirgin ruwa suna wannan musun, Baba bai taɓa sallamawa ba.

Suka sake dabara. Aka tona ƙarƙashin babbar saiwa, aka zura sarƙar ta ƙasa, aka sa katako a ƙarƙashin ƙafafun ƙarafan don kada su nutse. A ja kaɗan, a cusa dutse, a sare abin da ya bayyana, a sake ja. Kututturen ya karkata, amma uwar saiwar da ta miƙe ƙasa ta ƙi saki.

Asabar da safe muka ji jirgin ruwan da ya ɗauko gawar ya taso daga tsibirin Upolu. Baffa ya matso kusa da Baba, wannan karon ba wasa a muryarsa.

"Yaya, don Allah ka bari mu haƙa a gefe. Kada yaro ya iso ya tarar ba mu gyara masa ɗaki ba."

Baba ya karɓi gatari ya sauka ramin da kansa, mutumin da ke hawan matakalar coci da sanda. Yana sara yana haki. Na ajiye tukunya na kama sarƙar tare da samari. Wani ya ce, "Anti, bari mana." Na ce, "Kai ka goya shi ko ni? Ja, malam!"

Muka ja har tafin hannuna ya fashe. Sai muka ji ƙas! daga ƙasa, kututturen ya yi sama yana lilo, jar ƙasa na zuba daga jikinsa. Na leƙa ramin. Ban san me na zaci zan gani ba. Ƙasa ce kawai.

Samari suka daidaita ramin da shebur cikin gaggawa, don fasto ya riga ya iso, matan coci sun jeru da fararen kaya. Baffa ya shiga lalube yana tambayar wa ya ɗauke igiyar awo.

"Bar ta," in ji Baba.

Ya cire takalmansa ya kwanta a ramin, ya miƙe ƙafafu, ya haɗa hannuwa a ƙirji. Kansa ya taɓa bango, dugadugansa suka taɓa bango. Na ce, "Baba, don girman Allah ka tashi, zuciyata ba za ta ɗauka ba."

Daga kwanar hanya muka ji hon ɗin motar gawa. Baba yana kwance yana kallon sama, hawaye na gangara masa cikin kunne, karo na farko tun ranar Laraba.

"Lafaele," ya ce, "ku ƙara ɗan yatsa ɗaya. Ya fi ni tsawo."