Fasinjojin Kurmin Ɓauna

Tun da aka cire wa Inna Hansai auduga daga ido ta fara gani sarai, zaman unguwar Badarawa ya ishe ta. Aikin ido ne ya kawo ta Kaduna, gidan ɗanta Sharhabil, ma'aikacin gwamnati. An gama aiki, amma ba mai maganar komawa. Da safe ta ɗaure ƙunshin kayanta, da rana ta kwance. Ta leƙa ƙofar gida, ta dawo ta zauna, ta sake miƙewa.

"Inna, ki huta mana," in ji Sharhabil. "Wa ya rage a Kurmin Ɓauna? Tsofaffi da awaki."

"Ai ni ma tsohuwar ce. Dawata ta isa yanka, tsuntsaye suna can suna biki."

Ƙauyen nasu mota ɗaya ke shigarsa, tsohuwar bas ɗin Ɗanladi, ita ma sai ranar Laraba. Daga bakin titi zuwa cikin gari yashi ne da kwazazzabai, 'yan acaɓa ma sai sun ga dama.

Ran Litinin, Sharhabil na fita ofis ta yafa mayafi ta nufi tashar Kawo. Ta tarar da Ɗanladi a kan benci yana shan rake.

"Inna, na bar hanyar nan," ya ce bayan sun gaisa. "Zuwan ƙarshe kusan ni kaɗai na tafi, na dawo da buhunan gawayi. Hanya na cinye min taya, garin kuma ba mutane. Duk sun dawo nan."

"In motar ta cika fa?"

Ya yi dariya. "In ta cika, har ƙofar ɗakinki zan kai ki."

Ba ta koma gida ba. Unguwar Dosa ta wuce, wajen Tani mai ƙosai, wadda mahaifinta ke can ƙauye ido ya mutu.

"Rabonki da tsohonki tun yaushe?"

Tani ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da juya ƙosai. Can ta ce za ta je. Ita ta kwatanta mata shagon Isa kafinta a Malali, Isa kuma ya kwatanta mata wasu gidajen. Wani ya ce aiki ya riƙe shi, wata ta ce makarantar yara. Duk lungun da ta shiga sai ta ga fuskar da ta sani tun tana goye. A wani soro ta jingina da bango, a nan ta gane 'yan Kurmin Ɓauna da ke nan sun fi na can yawa.

Sai gab da magariba ta shigo gida, ƙafafu a kumbure. Sharhabil ya gama zagaye unguwa yana nemanta.

"Haba Inna! Likita ya ce ki guji rana."

"Likita ba shi da gona. Jibi zan tafi."

Laraba da sassafe Sharhabil ya kai ta tasha, ransa a ɓace. Tani ta zo da kwanon ƙosai, Isa ya zo da zarto da gudumarsa, wai zai gyara ƙofar ɗakin uwarsa. Wasu suka biyo baya. Da yawa cikin masu alkawari ba a ga ƙeyarsu ba. Inna ta kasa zama. Ta zagaya motar, ta leƙa bakin tasha, ta dawo. Rana ta ɗaga, kujerun baya ba kowa.

Ɗanladi ya leƙa ciki ya girgiza kai. "Ba ta cika ba, Inna."

Ta ƙara jawo ƙunshinta, ta rungume shi. Sharhabil ya daɗe yana kallonta. Ya koma gefe ya kira ofis, ya ce yau ba zai samu shigowa ba, sannan ya tattara babbar rigarsa ya shige kujerar baya ya zauna.

Ɗanladi ya ja tsaki, ya shiga ya tayar da mota. "Wannan karon kawai. Mako mai zuwa ban yi alkawari ba."

Ba su wuce gadar Kawo ba Inna ta miƙa hannu ta bubbuga kujerar Ɗanladi.

"Ɗan nan, taka ta mana. Rana na yi."