Waya Ta Goma Sha Ɗaya

Nafisa ta danna maɓallin, ta jingina da bango tana kallon kwamfuta. Tsofaffin wayoyi goma ne a jere kan tabarma, waɗanda ta tsinto wajen masu gyara a kasuwar Tarauni. Ta haɗa su da manhajar da ta ƙirƙira don digirinta na biyu, inda kowace waya take tura wa 'yar uwarta fayil kai tsaye, babu mai shiga tsakani. Yau ranar gwajin hari ce. Ta saki wata manhaja, ɓarawo na ƙarya, a cikinsu, wanda zai yi shigar aboki, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana maye gurbin kowane fayil da hayaniya. Wayoyin gwaji ne, ko sun mutu ba mai zaman makoki.

A allon, kowace waya ɗigo ce kore, kuma ɗigon suna ta komawa ja. Har ta fara murmushi, sai ta ƙirga. Goma sha ɗaya.

Ta sake ƙirgawa da yatsa kamar 'yar firamare. Sunan da ke kan ta ƙarshen shi ne Malam Zakariyya, mahaifinta. Shi ya fara yarda ta saka masa manhajar, yana tsokanarta wai ta mai da shi zakaran gwajin dafi. Bara ya rasu, ita kuwa ba ta tuna ta cire ba. Wayar takan zauna a akwatin Inna, mahaifiyarta. Duk Juma'a, idan maza sun tafi masallaci, gidansu na Gyadi-Gyadi ya yi shiru, Inna takan kunna ta, ta saurari karatunsa da saƙonnin muryar da ya bari. Babu su a ko'ina sai a nan. Sau nawa Nafisa ta ce za ta kwafe su, kullum sai gobe. Yau kuwa Juma'a ce.

Ta zabura ta fisge filogin na'urar intanet ɗin gidan. Amma ɗigon wayar Malam ya riga ya yi ja.

Inna ta ɗaga labule, carbi a hannu ɗaya, wayar a ɗaya hannun.

"Nafisa, duba min. Yau Malam ba ya magana, sai shuuu kawai. Ko caji ne?"

A kwamfutar, sakamako ya fito: hari ya yi nasara, babu wayar da ta tsira. Abin da ta yi wata da watanni tana addu'ar gani ke nan. Ta karɓi wayar da hannu biyu.

"Zauna, Inna," ta ce. "Ba caji ba ne."