Taɓaryar Hajiya Jidda

Sadia ce ta kawo wa uwarta labarin: za a manna allo a bangon tsohon gidansu na Tottenham, don tunawa da makaɗan nan Rusty Magpies, da suka ɗauki waƙarsu "Yaniska" a ƙasan gidan a 1977. Wai Terry, mawaƙinsu, a mafarki ya ji kalmar, wai addu'a ce ta mutanen hamada.

"Mafarkin gidansu," in ji Hajiya Jidda. "Ni ce hamadar?"

Ga yadda abin ya faru. Lokacin shekararta biyu a London, mijinta Malam Nata'ala, Allah ya jiƙansa, yana aikin rediyo. Su suna flat ɗin sama, a ƙasa kuma samari huɗu masu gashi har kafaɗa, jita da ganga tun hantsi har la'asar. Ran nan da ƙyar ta lallaba Sadia ta yi barci, tana zazzaɓin haƙori, sai suka saki kiɗa. Jidda ta ɗauko taɓaryar da ta zo da ita daga Kano ta dinga dukan daɓe: uku, ta ja numfashi, biyu. Ta leƙa matakala ta kwarara murya, "'Yan iska! 'Yan iska kawai!" Ashe na'urarsu tana ɗauka.

Washegari Terry ya tare Malam a ƙofa ya tambayi ma'anar. Malam mutum ne mai kara, ba zai iya cewa matarsa ta zage su ba, sai ya fassara masa kalma-kalma: 'ya'yan iskar da take kaɗawa. Bature ya kusa sumewa don daɗi.

Faifai ya sayu har Japan. Filin ƙwallo ya cika, mutum dubu hamsin suna buga ƙafa uku da biyu suna zagin kansu. Wasu har a dantse suka zana. Ƙungiyar ta watse sau biyu ta sake haɗewa, mai ganga ya mutu, mai jita ya koma kiwon zuma, kuma duk tsawon shekarun nan ba bakin da ya taɓa furta sunan Jidda. To sunan take so a allon. Ba ta yi boko ba, amma ta san harafin farkonsa, mai kama da ƙugiya.

Ranar Asabar da za a buɗe allon, da safe ta naɗe taɓarya a zane, ita da Sadia suka hau jirgin ƙasa daga Abbey Wood.

"Mama, please, kar ki yi embarrassing ɗina," in ji Sadia.

"Don ke na yi zagin, 'yar nema."

Sun tarar da tsofaffi kamar ɗari biyu a titi, furfura da rigunan fata. Terry yana dogare da sanda yana jawabi, ya kai daidai wurin mafarkin. Hajiya ta kwance taɓarya daga zane ta doka ƙasa. Uku. Biyu.

Gaba ɗaya taron ya amsa, "Yaniska!"

"Ku ne dai!" ta mayar musu.

Terry ya cire tabarau ya ƙura mata ido. "Matar sama," ya ce a hankali.

"Ashe ka gane hamadar. Sadia, gaya masa ma'anar. Kuma kar ki yi min irin fassarar ubanki."

Sadia ta rufe ido ta faɗa da Turanci: marasa tarbiyya, marasa aikin yi, masu hana jarirai barci. Wani mai zanen kalmar a wuya ya ja wuyan rigarsa sama. Terry kuwa ya fashe da dariya har sandarsa ta faɗi, yana cewa ba jaridar da ta taɓa kwatanta su daidai haka.

"Ba dariya na zo ji ba. Sunana."

Sharon, shugabar ƙungiyar masoyansu, ta matso tana murmushi, ta ce ai an riga an ƙera allon, council ma ta yi approving. Hajiya ta ɗaga taɓarya ta gwada tsayinta da inda allon yake.

"Gaya mata wannan ta daka abin da ya fi shi tauri."

Terry da kansa ya ce a sauke shi.

Bayan sati shida suka koma. Sadia ta karanta mata sabon: kalmomi da bugu, Jidda Nata'ala, matar sama. Hajiya ba ta yarda ba sai da ta sa yatsa ta bi ƙugiyar har ƙasa.

Suna juyawa mai zane a wuyan nan ya tare su, yana roƙon ta faɗa masa kalmar sau ɗaya, da bakinta. Ta dube shi daga ɗankunne har takalmi.

"Ɗan iska," ta ce, har zuciyarta.

Ya dafa ƙirji ya yi godiya.