Wankan Hajiya Batul

"Tsaya tukuna," in ji Munira, ta sa hannu ta tare ƙofar ɗakin. "Sai Zahida ta iso."

Haulatu mai koko ta sauke bokitin ruwan ɗumi, ga ganyen magarya ƙulle a bakin zanenta. Hajiya Batul ce kwance a ciki, lulluɓe, da safen nan aka kawo gawarta daga asibiti. Shekara da shekaru katanga ɗaya ce ta raba su, kuma sun yi alkawari a gaban matan unguwa: wadda ta riga tafiya, ɗayar ce za ta wanke ta. Yau ga Munira, ƙanwar marigayiya, ta hana ta shiga. Haulatu ta san dalili.

Zemijan, babur ɗin haya, shi ya buge Hajiya a bakin kasuwar Asigame inda take sayar da atamfa, ƙugunta ya karye. Aka yi mata aiki, aka ce ya yi kyau. Sai wurin ya soma ruwa. Aka dinga canja allura kamar ana canja zane, babu wadda ta ci. Hajiya kuwa, Allah ya jiƙanta, da taurin kai aka haife ta: ta rantse ba ta cin abincin bakin asibiti. Kullum da safe Haulatu ke kai mata koko a filas. Daga baya gudawa ta kama ta, ta ƙi tsayawa, har rai ya yi halinsa.

Munira ba ta zargi kowa ba, a'a. Tambaya kawai ta yi a bakin famfo, tun Hajiya na kwance: "Ban da koko, me ke shiga cikin Yaya?" Kafin azahar tambayar ta zaga Zongo, masu sayen koko suka fara wuce teburin Haulatu suna kallon gefe. Abin da ya fi ci mata rai, ita ma ta soma yarda. Ta tuhumi geron, ta tuhumi ruwan, ta tuhumi hannunta. Tsoro ya hana ta ko kukan aminiyarta.

Zahida, 'yar marigayiya, ta shigo da baƙar leda a hannu, idanunta jajir.

"Tanti Haulatu, me kike yi a waje?"

"Mutane na magana," in ji Munira. "Kokon nan..."

"Shi na fara tambayar dokta," in ji Zahida, "don ni ma abin ya tsaya min a rai. Ya ce mikrob ne na lopital, wato ƙwayar cutar asibiti, ya shiga ciwon tun tana kwance, irin wanda ya saba da magani har ba ya jin sa. Dole suka yi ta ba ta magunguna masu ƙarfi. Su kuma suka kashe har ƙwayoyin kirki da ke tsare hanji, wani mugun ya samu fili. Shi ya kawo gudawar."

"Amma ai ta baki..."

"Tanti Munira, matar gadon kusa da Mama, 'yar unguwar Kege, ta taɓa shan kokon? Ita ma ta kamu. Ni shaida ce, kokon nan kaɗai cikin Mama ke riƙewa."

Haulatu ta zauna a kan turmi. Wani sanyi ya sauko mata a ƙirji, sai a lokacin hawaye suka samu hanya.

Zahida ta zaro safar hannu daga leda. "Ku sa wannan. In kun gama, sabulu da ruwa sosai, jel ɗin goge hannun nan ba ya kashe shi. Zannuwan gado kuma a jiƙa su da javel, ruwan bilic ɗin nan."

Munira ta janye hannunta daga ƙofa. Ba ta ba da haƙuri ba, ba halinta ba ne. Buta ta ɗauka. "Ni zan zuba miki ruwa."

A ciki fankar ɗakin a kashe take, atamfofin da ba a sayar ba na jere a kan akwati. Haulatu ta yi bismillah, ta sa safar, ta ji robar da sanyi. Hajiya ba ta son sanyi ko kaɗan. Sai ta tsoma hannuwanta a bokiti, ta jira suka yi ɗumi, sannan ta ɗaga gefen mayafin.