Kebul a Ramin Sama

Maizane ya shigo shagon 'yar yayarsa rungume da kwamfutarsa ta tebur, yana haki. Zanen gidaje ne sana'arsa, shi ya sa sunan ya bi shi. Ita kuwa gyaran kwamfuta take yi, duk layin Injiniya ake ce mata.

"Kawu, da ka kira ni ai da na zo na ɗauka."

"Ba gyara na kawo ba, rabuwa zan yi da ita. Ki zaɓa mini ɗaya cikin tsofaffin nan naki. Ko wacce ce ta fi wannan gawar."

Ta ture sukurori da wayoyi gefe, ta jera kwamfutoci biyu a kan teburin, baƙa da mai ruwan toka. Ta ce masa dukansu ba su da katin hoto na daban. Abin da ke sarrafa musu hoto a jikin furosesa yake tun daga kamfani, kuma na baƙar ya girmi na mai tokar da shekara uku.

"Ba na son dogon turanci," in ji shi. "Ga zanen bene mai hawa uku a filashi. Wadda ta juya shi ba ta yi mini gardama ba, ita zan ɗauka."

Suka fara da baƙar. Ya kama benen zai juya shi, benen ya tsaya cak, sannan ya yi tsalle ya koma wani gefen, tagogi suka ɓace suka dawo. Mai tokar ta ɗan fi ta, tana juyawa amma da ɗingishi.

"Bari mu gwada taka ma, mu san inda muka tsaya," in ji Injiniya.

Ya yi tsaki, amma ya haɗa ta da kansa kamar yadda ya saba. Benen ya yi irin tsallen da ya yi a baƙar, babu bambanci ko kaɗan.

"Kin gani ko? Abin da ƙanena ya ga ya dace da ni ke nan. Ya ce wai ta manyan masu zane ce."

Ta san labarin, kowa a dangi ya sani. Shekara biyar da suka wuce Auta, ƙanin Maizane, ya kawo masa kwamfutar kyauta. Bayan wata biyu Maizane ya tsaya a tsakar gidan mahaifiyarsu, gaban surukai da yara, ya ce Auta ya kwaso masa shara don a ce ya yi abin kirki. Tun daga ranar, gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a tsaye.

Injiniya ta kalli akwatin kwamfutar. Ta ɗan ɗaga shi, ta ji nauyi. Ta zagaya baya, ta durƙusa.

"Kawu."

"Mene ne?"

"Wa ya fara haɗa maka ita?"

"Ni mana. Ya ce zai haɗa, na ce ya bari, tun yana rarrafe nake taɓa kwamfuta."

Ta kwance murfin gefe. A ciki ga wani ƙaton kati mai fanka biyu, ya kusa cika rabin akwatin. Ta nuna masa bayansa. Ramukansa na nan a ƙasa, har yanzu da 'yan murafun roba da suka zo da su, ba a taɓa cire ko ɗaya ba. Kebul ɗin allo kuwa yana can a ramin sama.

"Ramin sama na ƙaramin ne, na jikin furosesa, irin na baƙar can. Wannan katin shi ne na zane. Ba ka taɓa sa shi aiki ba, Kawu. Ko sau ɗaya."

Ta kashe kwamfutar, ta cire robar da farce, ta mayar da kebul ɗin ƙasa, ta kunna. Ta ɗan yi danne-danne, sannan ta matsa masa. Ya taɓa benen. Ya juya sumul, har inuwar baranda na bin sa. Ya sake juyawa. Ya shiga ɗaki, ya hau matakala, ya fito ta rufi, babu inda ta tsaya.

Ya saki linzamin kwamfutar kamar ya ƙona shi. Ya laluba kujera a bayansa ya zauna.

"Innalillahi." Ya nuna ramukan biyu. "Aikin asibitin nan da ya kuɓuce mini saboda jinkiri... Daga nan zuwa nan ne? Ko tsawon yatsa bai kai ba."

Ya cire hula ya riƙe a hannu.

"A gaban matarsa na faɗa. A gaban 'ya'yansa."

Ya ciro waya, ya yi ta dubawa ya kasa nemo lambar Auta. Ita ta nemo masa, ta buɗe muryar wayar don su ji tare. Auta ya ɗauka da sauri.

"Yaya? Lafiya? Wani abu ya sami Inna?"

"Lafiyarta ƙalau. Auta, kwamfutar nan... a ramin sama na sa kebul."

Auta bai gane ba.

"Wane ramin sama?"

Injiniya ta karɓa ta yi masa bayani. Sai suka ji ya ja dogon numfashi.

"Shekara biyar? Yaya, ni fa na ɗauka da gaske lalatacciya aka ba ni. Har shagon da na saye ta na koma na yi wa mutumin tas, na ce ya haɗa ni da ɗan'uwana faɗa. Bawan Allah yana ta rantsuwa ban saurare shi ba."

Maizane ya dafe kai. "Shi ma?"

"Shi ma."

"To ka yafe mini tukuna. Kana ina?"

"Ina wurin aiki."

"Ka jira ni a ƙofa. Daga nan mu wuce wurin mutumin tare, ni zan yi magana."

Injiniya ta dube shi, ta ɗauki makullin motarta, ta ce ba zai yi tuƙi a haka ba. Ta ja ƙofar shagon ta kulle, ya bi ta a baya.