Ranar da Audi Ya Sa Dorina a Ruwa

"To ka aure ta mana! Ka kai sadaki, ka saka mata labule, ni in tattara in koma gidan 'yata Marwa in huta!"

Zenabu ce ke wannan magana, tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Mijinta Audi yana bakin gado yana ɗaura igiyar takalmi, ko ɗago kai bai yi ba.

"Ummu Marwa, mota ce fa. Ƙarfe ne."

"Ƙarfen da ke fitsarin kwance? Wallahi ban taɓa gani ba sai a wajenka."

"Na ce miki lagireto ne ke ɗiga."

"Lagireton da ka tsiyaye ruwansa tun kafin azumi? Malam, ka ji tsoron Allah, ni ma fa ina da hanci."

Motar da ake wannan rigima a kanta ta soja ce, tsohuwa tukuf, irin wadda ke tafiya a ƙasa kuma ta faɗa ruwa ta yi iyo. Ƙafa shida gare ta, ciki kamar na kwalekwale, ga farfela a gindi. Injiniya Mu'azzam, wani Bakano da Allah Ya jarabta da son tarkacen mutanen da, shi ya tsinto ta a tashlih, inda ake jibge matattun motoci, ya jawo wa Audi ita warsha, wato garejin gyaran mota. Ba wanda ya san yaƙin da ta yi, balle yadda aka yi ta ƙare a Madina. Audi kuwa mutumin Chadi ne, ya daɗe yana jan masu ziyara kafin ya koma kanikanci, yana ganinta ya ce wannan ai Dorina ce. Tun daga nan gida ya zama wurin kwana kawai.

Zenabu ba kishin ƙarfe ne ya dame ta ba, ko da yake akwai shi ɗan kaɗan. Ran da ta kai masa abinci warsha, ta tarar ƙarƙashin motar jiƙe sharkaf. Ta duƙa ta shinshina. Warin laka ne, lakar kogi, irin wadda ta baro a bakin kogin Shari, can Chadi, tun tana budurwa. A Madina fa, garin da kake shanya wanki kafin ka kai ƙarshen igiya na farko ya bushe.

To sai ga shi an yi ruwan sama mai ƙarfi, kwari ya kawo a hanyar Badr, ya taru a bayan wata gonar dabino ta abokin Injiniya. Yau za a gwada Dorina.

"Halas, shi ke nan," in ji Audi, ya miƙe. "Ni na tafi."

"Tsaya in ɗauko mayafina."

"Ina za ki?"

"In za ka nutse, a gabana za ka nutse. Ba zan zauna a unguwar Harra maƙwabciyata Lubna ta riga ni jin labarin mijina ba."

Da hantsi suka isa. An riga an sauke Dorina daga tirela, tana tsaye da sabon fenti kore tana fuskantar ruwa. Ruwan ja ne, mai kauri, kwance shiru kamar an rufe shi da faifai. Kawunan dabino sun leƙo nan da can. Daga ƙetare babu komai sai baƙin dutse har iyakar gani. Zenabu ta duba sama ta duba ƙasa, ba tsuntsu ko ɗaya. Bayan ruwan sama kuwa, ko kwaɗo ai ya kamata a ji.

Injiniya yana nan cikin farar jallabiya, da jawwal, wato wayar salula, a hannu.

"Hajiya, har da ke? Madalla! Ni da zan shiga, to bayana ne ya riƙe tun jiya. Zan tsaya nan in ɗauki hoto."

"Allah Ya sawwaƙe, Injiniya. Ciwon baya mai sanin rana."

Ta kama tsani ta hau tana nishi. A bayan direba akwai dogayen bencina biyu suna kallon juna, an shimfiɗa musu sabon tamfol. Ta zauna a bakin na dama, ta ƙanƙame jakarta.

Audi ya murza makulli. Dorina ta yi tari, ta yi gurnani, ta kama. Fuskarsa ta washe kamar ta ango. Daɗi ya kwashe shi, tsohon hali ya motsa, ya juya wajen gaɓar da ba kowa, ya bubbuga jikin motar da tafin hannu, ya ɗaga murya yadda ya saba yi a tashar masu ziyara:

"Yalla, masu tafiya! Akwai wuri! Bismillah, a hau!"

Zenabu ta juyo da sauri. A garinsu ko yarinyar da ba ta fara ɗaura zane ba ta san ba a yin tayi a bakin ruwa in ba ka ga mutum ba.

"Wa kake kira?"

"Wasa nake, ke ma dai."

"Maza ka janye. Ka ce ba da kowa kake ba."

"Haba, Ummu Marwa, a garin Manzo?"

Bai rufe baki ba tsani ya yi ƙara. Motar ta ɗan risina ta baya, kamar an taka ta. Ta sake risinawa. Ta sake. A hankali, bi da bi, yadda mutane masu ladabi ke hawa ba turereniya. Zenabu tana kallo tamfol ɗin bencin da ke gabanta ya fara yin duhu wuri-wuri, kowane daidai faɗin mazaunin mutum, a jere, da ɗan tsakani. Sanyi ya taso ta gefen hagunta.

Audi ya sa giya. Dorina ta gangara, ta tsoma hanci, ƙafafunta suka saki ƙasa, farfela ta ɗauka.

Ruwa ya yi ta hawa jikin motar. Ya wuce layin da Audi ya ja da farin fenti, ya ci gaba, sai da ya rage bai fi taƙi ɗaya ya zubo ciki ba. Daga gaɓa Injiniya ya manta da ciwon baya, yana tsalle yana kaɗa hannu.

"Audi! Ta yi ƙasa da yawa! Me kuka loda mata? Ku juyo!"

"Malam," in ji Zenabu da ƙyar, "ka ji ana cewa ka juya."

Ta leƙa fuskarsa ta gefe. Murnar nan ta tafi, ba kuma tsoro ne ya maye gurbinta ba. Natsuwa ce, ta direban da ya ɗauko tsofaffi yana lallaɓa ramuka. Ya ɗaga ido ya dubi madubi, ya ce a hankali:

"A ɗan gyara zama, na hagu ku matso tsakiya."

Motar ta daidaita.

Zenabu ta runtse ido ta kama Ayatul Kursiyyu. Ta kai tsakiya ta ɓata, ta koma farko. Ta je ta gyara mayafi, ta ji bakinsa ya riƙe, an zauna a kai. Ta ɗan ja. Aka ɗaga mata, har da matsawa kaɗan. Bakin mayafin ya dawo hannunta a jiƙe, da sanyi kamar daga randa aka tsamo shi. Wannan ladabin shi ya fi komai kashe mata jiki. Da ma an fizge ne, da ta san abin da za ta ce.

Babu mai tari, babu mai magana. Sai ƙarar inji, da wani sauti ƙasa-ƙasa, na takalma masu nauyi suna goga ƙarfe.

Can ta ji ƙafafun motar sun taɓa ƙasa. Ta buɗe ido ɗaya. Sun ƙetare. Dorina ta haura kan baƙin dutse ta tsaya, ba hanya, ba bukka, ba ko turken akuya. Tsani ya sake kukansa. Motar ta shiga ɗagowa kaɗan-kaɗan. A kan dutsen da rana ta gasa, sawun takalma jiƙaƙƙu suka riƙa fitowa, suna jeruwa biyu-biyu, suka nufi cikin duwatsu, na baya na bushewa na gaba na bayyana. Na ƙarshe ya tsaya a gefen direba. Aka ƙwanƙwasa jikin motar da yatsa.

Audi ya sunkuya kamar mai sauraro. Ya gyaɗa kai.

"To. In sha Allahu."

Da suka juyo Dorina sai rawa take a kan ruwa kamar busasshiyar ƙwarya. Injiniya ya tare su da jawwal, ya nuna musu abin da ya ɗauka. Mota ce ta nutse har wuya, da Audi a gaba, da wata tsohuwa ita kaɗai a baya ta takure a bakin benci ido rufe, baki na motsi. Ya ce ƙila ruwa ne ya shiga ta ƙasa ya sake fita. Ya buɗe murfin ciki ya leƙa, a bushe. Sai ya ce a bar ta nan gonar, tirela ta zo gobe.

A gida Zenabu ta ɗumama shinkafa ta ajiye masa. Ya kai loma biyu ya janye hannu. Ta dafa shayi da na'ana'a, ya bar shi ya huce. Ita da bakinta ba ya hutawa, ranar ko Lubna da ta leƙo ta taga tana "ya aka ƙare?" ce mata ta yi kanta ke ciwo.

Aka kira La'asar. Ya yi salla, ya shafa addu'a, ya jawo takalmansa.

"Ina kuma?"

"Zan je in ɗauko su."

"Su wa?"

"Kin fi ni sani. Ke kika zauna da su."

Ta riga shi ƙofa, ta tokare ta da baya, ta baza hannuwa.

"Ba inda za ka. Abu Marwa, dube ni. Mun tsufa tare, na bi ka Chadi, na bi ka Sudan, na bi ka nan. Ba zan ba wa kududdufi kai ba."

"Sun ce bayan La'asar. Na kuma ce to."

"Ka ce to! Ni sau nawa ka ce min to a kan gyaran famfon banɗaki?"

Bai yi dariya ba.

"Ummu Marwa, duk shekarun da na yi ina jan mutane, ban taɓa kai fasinja wuri na baro shi ba. Wanda ya kai, shi ke dawowa da su."

"In ka ɗauko su ka sauke su ina? Ka tambaya? In suka ce kai ma ka sauka fa?"

Ya dubi silin, ya dubi ƙasa.

"Ban sani ba. Abin da na sani, in ban je ba, da ƙafa za su taho neman direbansu. Kin fi son su yi sallama a nan?"

Zenabu ta dubi ɗan falonta, da katifun zama a jere jikin bango, da sabbin matasan da ta ɗinka. Ta ga yadda za su yi duhu ɗaya bayan ɗaya. Hannuwanta suka sauko da kansu.

"To aƙalla ka rufe bakinka in ka je," ta ce. "Kada ka ƙara yi wa kowa tayi. Ka ji ko? Audi, da kai nake!"

Tun aurensu ba ta taɓa kiran sunansa ba sai ranar. Ya ɗan tsaya, hannu a kan mariƙin ƙofa, bai waiwayo ba. Sannan ya fita, ya bugo ƙofar garam.